Ƙwan Zabi a Akurkin Rukayyat

Lokuwa, Mubi
10 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Malama Rukayyat Bobboi, Kwaja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyayenki, Baffa da Dada, suna cikin ƙoshin lafiya.

Ni ne Mansir Adamu, mai digirin farko a Kimiyyar Kiwon Dabbobi, wanda ya kammala hidimar ƙasa bara, kuma mamallakin injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana a nan Lokuwa. Kin san ni, amma al'amari mai nauyi yana buƙatar gabatarwa bisa ƙa'ida. Maƙasudin wannan takarda shi ne neman bayani kan abin da idona ya gani jiya a akurkinki.

Ranar Litinin na danƙa miki ƙwai shida na ingantaccen iri, kyauta daga mai neman aurenki, domin jar kazarki da ta fara kwanci. Na yi tayin injina, kika ce kin fi son uwa ta reni 'ya'yanta, na amince. Jiya na zo ba kya nan. Dada ta ɗaga mini kazar, sai ga ƙwan zabi tara, masu ɗigo-ɗigo, sun yi wa nawa ƙawanya. Da na tambaya, ta ce na Mu'azu ne.

A fuskar kimiyya, ƙaramar kaza ba ta iya lulluɓe ƙwai goma sha biyar. Na gefe za su yi sanyi. A fuskar zuciya kuwa, ina son sanin matsayin Mu'azu a wannan akurki.

Naki cikin girmamawa,
Mansir Adamu

Kwaja
12 ga Yuli

Hamma Mansir,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Ga waya a aljihunka, amma sai ka wahalar da Sali direba da takarda. To ga amsa a takarda.

Mu'azu ɗan Goggo Adi ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, ka sani. Zabinsa suna zuba ƙwai a ciyawa da damina, kuma zabuwa ba ta zama ta yi kwanci yadda ya kamata. Kowa a Kwaja kaza yake sa wa. Ya tsinto, ya kawo, ya ce idan sun fito mu raba biyu. Shi ke nan fa.

Na karanta wa Dada wurin ƙawanya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce in tambaye ka ko ƙwai ma suna da dangi.

Kazar tana lafiya, sai dai ta rame, kuma ba ta son tashi cin abinci. Ka kwantar da hankalinka, mun shirya abin yadda duka za su fito rana ɗaya.

Ka gaida mutanen gida.
Rukayyat

Lokuwa
14 ga Yuli

Malama Rukayyat,

Sallama da gaisuwa. Na yi nazarin takardarki, kuma jimlarki ta ƙarshe ce ta hana ni cin abincin rana.

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa cikin mako uku, na zabi cikin mako huɗu. Idan har za su fito rana ɗaya, to wajibi ne na Mu'azu su riga nawa shiga da mako guda cur. Yanzu na tuna. Lokacin da na ce zan kawo nawa, cewa kika yi in dakata sai mako mai zuwa. Na ɗauka kunya ce. Ashe jadawalin Mu'azu ake daidaita ni a kai. Nasa ne 'yan gida, nawa ne baƙin da aka ce su jira a zaure.

Bugu da ƙari, kun ɗora wa ƙaramar kaza zaman wata guda. Ramar da kika ambata gargaɗi ce. Ki riƙa ɗaga ta kullum ta ci ta sha, ki barbaɗa toka a sheƙar saboda ƙuma. Wannan ita ce shawarata ta ƙarshe. Daga yau na janye hannuna daga lamarin akurkin nan. Duk wata matsala a miƙa ta ta kan katanga.

Wassalam,
Mansir Adamu

Kwaja
27 ga Yuli

Hamma Mansir,

Salam. Na kira ka tun safe ba ka ɗauka ba, shi ya sa na tare Sali.

Kazar ta tashi. Ƙuma sun cika sheƙar duk da tokar, da asuba ta fita, mun mayar da ita ta sake fita, har kife ta muka yi da kwando ta tsaya a tsaye ta ƙi zama. Ruwa ake yi, ƙwan sun fara sanyi. Dada ta kara naka a kunne ta ji kuka a ciki, ta ce za su mutu a rufe, ta fasa uku da tsinke kafin in shigo. Sun fito jiƙe, ba sa tsayuwa, cibiyarsu a buɗe da gwaiduwa a maƙale. Ɗaya har da jini. Dada tana ta zargin kanta.

Mu'azu ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma injinka ne kawai zai ceci sauran. Saura uku naka, tara nasa. Na san abin da ka ce. Amma ni ban iya ware naka in bar nasa su mutu ina kallo. In za ka karɓa, ka karɓi duka.

Don Allah, Hamma.
Rukayyat

Lokuwa
27 ga Yuli

Rukayyat,

Salam. Kada a ƙara fasa ko ɗaya. Ukun nan ki sa su a kwali kan tsumma mai tsabta da ɗan danshi, kusa da kaskon garwashi, ba a kansa ba. In bayan hannunki ya ji zafi, su ma ya yi musu yawa. Kada kowa ya ja gwaiduwar, ita ce abincinsu, cikinsu zai shanye ta. Ban da hatsi. Gobe ki ɗiga musu ruwan ɗumi da ɗan sukari a gefen baki. Ki gaya wa Dada kukan da ta ji gaskiya ne, lokaci ne kawai bai yi ba.

Sauran ki naɗe su a zane, ki ba Sali ya rungumo su kafin mayo, rafin nan na kan hanya, ya cika. Duka sha biyun. Na kunna injin.

Mansir

Lokuwa
4 ga Agusta

Malama Rukayyat,

Assalamu alaikum. Na yi farin ciki da saƙonki cewa biyu daga cikin ukun sun miƙe suna tsattsaga, na kuma yi jimamin mai jinin.

Ga rahoto daga nan. Cikin nawa uku, ɗaya ne ya fito. Sauran sanyi ya riga ya gama da su, domin kazar ta riga ta ture su zuwa gefe. Cikin na Mu'azu tara, takwas sun fito, lafiyayyu, masu hayaniyar da ta hana maƙwabtana sakat. A ɗakina suke, ƙarƙashin fitilata, suna cin abincin da na haɗa da hannuna. Na auna musu ɗumi da danshi daidai da yadda na auna wa nawa, Allah shaida ne, ko da yake ban ji daɗin ko minti ɗaya na aikin ba.

Jiya Mu'azu ya kira ni yana godiya, ya ce: "Useko, malam, mu da Rukayyat ba za mu manta ba." Wannan "mu" ɗin ban san iyakarsa ba, kuma ba daga bakinsa nake son jin bayani ba.

Zabin za su iso ranar Juma'a ta hannun Sali, ba tare da wani sharaɗi ba. Amma kawuna yana tambayar ranar da zai hau Kwaja ya gana da Baffa kan maganar aure, ni kuma ba zan tura dattijo ya jira a zaure ba. Don haka ina buƙatar amsa a rubuce, da hannunki, Sali ya juyo da ita a ranar, Juma'a 9 ga Agusta: kawuna ya zo, ko ya zauna?

Naki har yanzu,
Mansir Adamu