Shirin Asabar Ɗin Surayya

Dutsin-Ma, 6 ga Yuli

Maman Nana,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya sanyin Ostiriya? Mu nan lafiya lau. Nana Aisha da Atiku suna gaishe ki, haka ma Hajiyata daga Kurfi.

Tun shekaranjiya maganar da kika yi a waya take damu na. Kin ce malamin da ke duba aikinki ya sake dawo maki da babi na uku, kin gaji, za ki bar digirin ki dawo gida. Ban ba ki amsa ba don ina kan babur ne, hanyar Makera, zan duba gonakin da tsutsa ta shiga. Saura wata huɗu, Surayya. Shekara ɗaya da rabi kika yi tsakanin ɗaki da ɗakin karatu, ko bayan gari ba ki taɓa leƙawa ba.

Kin taɓa turo mani hoton wani gari a kan dutse, kika ce ɗalibai suna zuwa shan iska. Na bincika a waya. Akwai jirgin ƙasa ƙarfe bakwai da kwata na safe, ki sauka tasha ta huɗu ki canza wani. Kafin goma kina can. Ki je Asabar ɗin nan, ke kaɗai, ba littafi. In kin dawo kika ce har yanzu gida kike so, ba zan yi maki musu ba.

Mijinki,
Naziru

Dutsin-Ma, 9 ga Yuli

Maman Nana,

Da fatan kin tashi lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ciwo yake, tun safe nake nuna wa manoman Dabawa feshi.

Ga sauran shirin. Daga tashar garin ki miƙe zuwa inda ake shiga wani akwati mai bin waya, shi zai hau da ke ƙololuwa. Na san tsoronki, ko tsanin rumbu ba ki so, amma na ga tsofaffi a ciki. Ki ɗauki rigar sanyi, an ce har da rani akwai ƙanƙara a sama. Ki tafi da abincinki da abin salla. Jirgin dawowa biyar da rabi ne, kada ki jira na ƙarshe.

Kin tambayi yara. Atiku ya yi zazzaɓi kwana uku, ya warke, shi ya sa ban faɗa maki ba. Kitson Nana matar Tomas maƙwabcinmu ke yi mata yanzu, don ranar da na gwada kuka muka yi da ni da ita. Juma'a na je Kurfi gaida Hajiya. Ta dube ni ta ce na rame, in ce maki ki dawo haka nan, karatun ya isa. Na ce mata ni na sa hannu kika tafi. Sai ta ƙulla mani kuka da daddawa.

Allah ya kai ki lafiya.

Naziru

Dutsin-Ma, 14 ga Yuli

Maman Nana,

Bayan gaisuwa da fatan gajiyar hanya ta sake ki. Na karanta saƙonki sau uku a gindin dalbejiyar ofis.

Ashe duk lissafina ya tashi a banza. Barci ya kwashe ki a jirgi, kika wuce tashar canji, kika sauka wani ƙauye da ba ya cikin takardata. Gajimare ya rufe duwatsun, ko ɗaya ba ki gani ba. Sai shanu masu ƙararrawa a wuya, da tsohuwar da ta ba ki madara mai ɗumi ba ku jin yaren juna. Kin ce kin zauna a ciyawa wajen awa uku, warin kashin shanu ya tuna maki gidan kakarki a Kuki, kin yi kuka har ya ishe ki, sannan yunwa ta kama ki, irin wadda kika daɗe ba ki ji ba. Kuma kin buɗe babin jiya.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma bari in faɗa maki gaskiya. Duk kwanakin da nake haɗa maki lokutan jirgi, wani sashe na zuciyata addu'a yake ki je ki dawo ki ce gida za ki taho. Na gaji, Surayya. Na gaji da tuwon da ba ya tuƙuwa, da amsa tambayar Atiku kullum safiya ta yaushe za ki dawo. Da na ga kin rubuta za ki ƙarasa, sai na sake ƙirga wata huɗun nan da yatsu.

Kada wannan ya sa ki canza shawara. Na faɗa ne don kada ki dawo ki ji a bakin Hajiya. Ki gama aikinki, mu za mu riƙe nan. Abu ɗaya nake roƙo: ki rubuto mani yadda kike miyar kuka dalla-dalla, don Nana ta ce tawa magani ce.

Mijinki mai jiranki,
Naziru