Saniyar Gwangwani Mai Ƙafa Uku

Daren Laraba, bayan kaka, 1982

Sai yau da na fita takaba na je Kajiji, na gane abin da marigayi mijina Malam ya yi ta ƙwanƙwasawa a zaure. Saniya ce ta tsofaffin gwangwanaye waɗanda manoma da Fulani suka tara masa. An kafa ta a bakin rijiyar da suka yi faɗa a kanta bara, yaransu duka suna shafa ta.

Ardo ya ce mini, "Inna, mijinki ne ya zaunar da mu wuri guda."

Ni kuwa ƙorafin hayaniya kawai nake masa, ban taɓa leƙawa ba. Allah ya jiƙansa.

Ƙafa uku gare ta, an tokare da dutse. Gwangwanayen ƙafa ta huɗu suna nan cikin buhu a zaurenmu, ba a haɗa ba.