Masha-ruwa a Rijiyar Garka

Gure, daren Alhamis, watan Rajab 1355

Yau da safe na jawo guga a rijiyar garkarmu, sai na ga launuka suna yawo a kan ruwan, ja da kore da shuɗi. Baba ya leƙa, ya ja da baya. "Masha-ruwa ce ta sauka, za ta shanye mana rijiya. Ari, kamo farar kaza mu yi sadaka."

Na sunsuna ruwan. Warin jirgin saman soja ne, wanda ya kwana uku a kan tudu. Ran da zai tashi na ga sojoji sun tuntsurar da tano biyu, manyan ganguna na baƙin mai, daidai saman kwarinmu, rairayi ya shanye. Yau kwana tara.

Jakinmu ya ƙi sha. Albasar da na ba ruwa shekaranjiya ta kwanta. In rijiyar nan ta mutu, ban san abin da za mu ci kafin damina ba.

Kaza dai mun bayar, ban iya yi wa Baba musu ba. Da la'asar na tafi bariki. Na kai ƙara wurin tafinta, ya yi dariya. "Kai samari, jirgi sama yake bi, ina ruwansa da rijiyarku? Wa ya gani?"

Na dawo gida. Amma gobe zan koma, don ba ni kaɗai na gani ba. Inna Falmata mai itace ta gani. Bukar makiyayi ya gani, man ya ɓata har ƙafar raƙumarsa. Da Malam Kyari, wanda ya ɗaga wa sojojin hannu su bari, ba su ko waiwayo ba.