Sojan Da Na Mayar Mace

Mansur, Makka
Rajab, 1437

Aminiyata Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam Rabe da yara da su Umma. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi. Maigidana Ya'u yana gaishe ku, kullum yana wurin gininsu. Hajiya Ɗaso zan ba takardar nan idan ta gama umara, don maganar littafi ce, kuma na san wayarki a hannun 'ya'yanki take yini.

Kin ce in nemo miki littafin da zai hana ki sakat, wai kin gaji da na masu motoci. To na samo. Aminullahi ne ya turo mini, ɗan Yaya Yalwa da kika sani yana ɗan makaranta. Yanzu ya zama cikakken mutum, yana gyaran waya a unguwar Utaibiyya. Tun da kika koma Kano shi ne abokin karatuna. Hausarsa sai a hankali, rabinta Larabci ne, amma a Turanci ya fi ni nesa. Shi ya saba mini da littattafan nan masu duhu, na matattu da tsafi da garuruwan da babu su a duniya.

Wannan labarin wani gari ne da matattu ba sa kwanciya sai an kira sunansu. Kullum da yamma mai gadin maƙabarta yana bin kaburbura yana kira. Wanda aka tsallake zai taso ya shigo gari, kuma ba da hankalinsa zai dawo ba. Sai aka turo wani soja mai tabo a fuska ya riƙa raka mai gadin da fitila. Ki gyara zama, Sadiya: soyayyar littafin tsakanin su biyun take, kuma dukansu maza ne. Na ajiye wayar na yi istigfari, na je na wanke kwanuka, sannan na dawo na ɗauka. Babu batsa a ciki. Tsoro ne da kaɗaici, da mutum biyu da gari ke gudu saboda warin kabari.

Kin tuna zamanmu na Alhamis a gidan Yaya a unguwar Shisha, muna ƙulla yaji da kuka a leda don masu abincin Mansur, ni ina ba su labarin abin da na karanta. Kin kuma san aikina, abin da kunnen manya ba zai ɗauka ba sai in yi masa kwaskwarima. Giya ta koma zoɓo, runguma ta koma kallo. Wannan karon sojan na mayar mace, na raɗa mata Mairama, na bar mata tabonta. Zo ki ga yadda labari ya karɓu, har aka manta da awon yaji. Yaya ta share hawaye, ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya ba Aminullahi mace mai amana irin Mairama, kowa ya ce amin.

Ashe yana bayan labule, ya kawo mana burodin tamis. Ya ajiye ledar a ƙasa ya fita ba sallama, kuma har yau bai turo mini komai ba. Ina jin haushi ya ji na ɓata masa littafi. Kin san masu karatu da fushi.

Zan turo miki shi a waya, ki karanta ki goge. Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Batulu


Mansur, Makka
Sha'aban, 1437

Sadiya tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Umma, Allah ya ƙara sauƙi. Amsarki ta iso, na yi dariya inda kika ce kin karanta kina kallon ƙofa kamar ɓarauniya. Amma ban yarda mai gadin matsoraci ba ne. Mutumin da ya san sunan kowane mamaci a gari, amma ba ya iya kiran sunan rayayyen da yake so a gaban jama'a, ni tausayi ya ba ni. Ɗaya littafin da kika tambaya kuwa, na matuƙan jirgin ruwan aljanu, kada ki ɓata idonki. Jini ne kawai, soyayyar ma manna ta aka yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na je shagon Aminullahi da sunan wayata tana da matsala. Ya karɓa ya duba, ya san lafiyarta lau. Na tsokane shi da cewa fushin littafi bai kai a yanke zumunci ba. Bai yi dariya ba. Ya ce labarin da na bayar ya yi daɗi, sai dai ba shi ne wanda ya ba ni ba. Ya ce ya daɗe yana zaɓe kafin ya turo wannan, kuma ni ya turo wa saboda a duk dangi ni kaɗai ce nake kai littafi ƙarshe kafin in yanke masa hukunci. Yana magana idonsa a kan allon wayar.

Sai da na shiga tasi abin ya faɗo mini. Ba littafi yaron nan ya ba ni ba, Sadiya. Abin da bakinsa ya kasa faɗa ne ya miƙo mini, ni kuma na ɗauka na gyara shi a gaban uwarsa, har aka shafa fatiha.

Bai faɗa mini komai a fili ba, ban kuma tambaya ba. Na san abin da aka karantar da mu, ban manta ko harafi ba, kuma a garin da nake ba sai an tuna mini ba. Amma ni na goya shi shekarar da na fara zuwa Makka. Shi ne mai kai Yaya asibiti, shi ne mai tura kekenta a ɗawafi. Ina jin tsoro dominsa, ina jin kunyar kaina, kuma ina sonsa kamar yadda nake sonsa jiya. Ukun nan sun ƙi rabuwa a ƙirjina.

Yaya ta ce ya karɓi aiki a can garin Dammam, bayan Sallah zai tafi. Tana murna, ni kuwa na san gudu ne. Idan ya tafi a haka, zai tafi da cewa a gidan nan ko mai karatun ma sai ta canja masa kama kafin ta iya kallonsa. Ga matan Alhamis sun matsa mini sai na kai musu ƙarshen Mairama.

Wannan magana daga ni sai ke. Ki sa mu a addu'a, azumi ya ƙarato.

Ƙawarki,
Batulu


Mansur, Makka
Shawwal, 1437

Aminiyata Sadiya,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa, da fatan kun yi Sallah lafiya. Ki gaida Malam Rabe, ki shafa mini kan auta.

Matan Alhamis ba su sami ƙarshensu ba. Na ce musu labarin ya fi ƙarfina, su yi haƙuri. Sun yi ta mita, wata har ta ce rowa ce. Na ba su na wani sarkin macizai, suka lafa.

Ana gobe Aminullahi zai tafi na je Shisha sallama. Bayan la'asar Yaya ta sa shi ya mayar da ni gida a motarsa. Muna fita ya kunna rediyo. Na miƙa hannu na kashe, na ce akwai labarin da ban ƙarasa ba, kuma shi zan ƙarasa wa. Na faro daga farko, da Hausa, ba kwaskwarima. Na mayar wa sojan gemunsa da sunansa. Bakina ya yi nauyi a wurin da suka fara riƙe hannu cikin duhun maƙabarta, amma na faɗa yadda yake.

Mun zo kwanar Mansur ban kai rabi ba. Ya wuce ta kamar bai gani ba, ya hau babban titi muka yi ta zagaye. Kin san ƙarshen. Sojan ya mutu, aka bar mai gadin da zaɓi: ya yi shiru masoyinsa ya taso ya dawo masa ba hankali, ko ya kira sunansa ya rasa shi har abada. Da na kai inda ya tsaya a gaban mutanen gari ya kira sunan da ƙarfi, da ƙyar na ƙarasa.

Ya tsaya a ƙofar gidanmu bai kashe mota ba. Can ya ce, da Hausarsa mai tuntuɓe, da Turanci ya karanta labarin nan, da Larabci yake kokawa da kansa a kai, amma bai taɓa zaton za a iya faɗarsa da harshen da uwarsa take sa masa albarka ba. Sai ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Na ɗora hannuna a kansa, muka zauna haka har aka kira magariba.

Ya tafi washegari, na koma Shisha rakiya. Ban warware komai ba, Sadiya, ban san me ke gabansa ba, tambayoyina kuma suna nan na kai su gaban Allah. Abu ɗaya na sani. Da zai shiga mota ya bi kowa da sallama kansa a ƙasa, da ya zo kaina ya ɗago ya dube ni ido cikin ido.

Ki gaida Umma da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Batulu