Rasuwar Mama Balaraba, Wadda Ta Hana Mu Kafa Benci

Cikin alhinin rabuwa, amma da zuciyar da ta fi karkata ga godiya, Zumuntar Kiristoci Masu Jin Hausa ta Adjamé da Treichville, a birnin Abidjan, ta sami labarin cewa Ubangiji ya kira uwarmu, Shugabar Mata, Dattijuwa Mama Balaraba Kalla, mai sayar da atamfa a unguwar Bracodi, bayan gajeruwar jinya. Ta bar 'yarta tilo, Malama Rahama, da jikoki, kuma ta tafi a makon da aka rushe gidan da take haya domin faɗaɗa hanya, har iyalin suka rasa inda za su shimfiɗa tabarmar karɓar gaisuwa. Wannan ne ya fi ci wa Malama Rahama rai, mu ma ya dame mu ƙwarai.

Duk wanda ya taɓa yin sujada tare da mu ya san cewa a tsakar gidan marigayiya wannan zumunta ta girma, ya kuma san irin dagar da aka sha da ita a kan wurin zama. Shekara da shekaru Majalisar Dattawa tana neman a zuba benci na siminti kamar na manyan majami'u, ita kuwa Mama ta kafe a kan sai na katako marar nauyi, wanda mace ɗaya za ta ɗauka a ka. Har Mai Girma Fasto Sadi ya taɓa yi mata doguwar nasiha a kan haka, ta saurara cikin ladabi, ta cika masa kwano da acheke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, washegari kuma ta kira kafinta.

Ba rashin bangaskiya ya sa ta haka ba. Ta ga rikicin da ya rufe kasuwanni a wannan birni, ta ga gobarar da ta cinye rumfarta, ta tashi daga unguwar Saint-Michel ba shiri, kuma ko sau ɗaya ba mu ji ta tuhumi Mahaliccinta ba. Abin da takan faɗa, da Hausarta ta Abidjan, shi ne: "Allah ne patron, shi ne maigida. In ya ce déménager, a tashi, sai mu ɗau kaya, ai yana can gaba yana jiranmu." Ranar da katafila ta iso rushe gidan, Mama tana kwance a asibiti, matan zumunta suka kwashe bencin nan kaf a ka, suna waƙa, dattawan da suka so siminti suna biye da su.

Muna farin cikin sanar da jama'a cewa wurin zaman makoki ya samu, ta hanyar da babu wanda ya zata a cikinmu. Alhaji Inusa Abdulwahid, maƙwabcin rumfarta, wanda suka tsufa suna faɗa a kan wa ya tare wa wani inuwa, ya zo da kansa ya buɗe mana gidansa da ke unguwar Belleville, ya kuma ce a yi waƙoƙinmu da ƙarfi yadda ta saba, domin shirun da kasuwa ta yi masa ya ishe shi. Za a fara zama ranar Alhamis da la'asar, kuma bisa wasiyyarta, kada kowa ya zo da baƙaƙen kaya.

Muna roƙon Ubangijinmu Yesu Almasihu, mai mulki a kan kowane lokaci, ya ƙarfafa iyalin, ya sāka wa Alhaji da alheri. Ke kuma Rahama, 'yarmu, share hawayenki ki ɗaura ɗankwali. Kin yi kukan ba ki da ƙofar da za a zo a gaishe ki, ga shi Allah ya buɗe miki wadda ta fi taki faɗi.

Dattijo Ibrahimu Sa'ad
Kakakin Zumunta, a madadin Majalisar Dattawa