Kawu Ya Sare Kacallar Bakin Kwata

Gaya, daren Laraba, farkon damina

Kawu Sule ya sare ciyawar kacallar da na dasa inda kwatar unguwa ke zuba cikin kududdufin lambunmu, wai maɓoyar macizai ce.

Na ce, "Haba Kawu, ita fa ke tsotse dattin ruwan!"

Ya ce, "Kai da karance-karancenka! Yaushe ciyawa ta zama rariya?"



Bara dattin kwatar nan ya sa gansakuka ta rufe kududdufin, ya yi wari, muka rasa ruwan ba alayyaho da rani. Yanzu ga hadari daga Ajingi, kuma da an fara yayyafi kowane gida zai tura shara da kashin awaki cikin kwata. Wai ni ɗan manomi nake roƙon kada a yi ruwa. Astagfirullah.