Fentin da Ya Ja Mana

Litinin, 13 ga Fabrairu, 2006

Kansila ya ce layi ɗaya tak za a yi wa kwalta da magudanar ruwa bana a wannan ɓangaren na Karshi, ko namu ko na bayanmu. Wanda ambaliya ta fi ci shi za a zaɓa. To ai magana ta ƙare. A watan Satumba ruwa har gwiwata a falo, matata Safiyatu na kan tebur rungume da buhun shinkafa. Shekara talatin da ɗaya ina safiyo a ma'aikata kafin ritaya, ni ne shugaban layi, kuma takardar roƙonmu shafi tara ce har da taswira. Shugaban layin baya kuwa Maiturare ne, wanda turare yake talla a ƙofar ofishinmu a da. Takardarsu rabin shafi ce.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Injiniya George ya zo dubawa. Bai ko buɗe takardata ba. Katangu yake bi da tef, yana neman shatin da ruwa ya bari. Namu fari fat. Ni da kaina na tilasta wa kowa yin fenti kafin Babbar Sallah, na ce ba za mu zauna kamar marasa galihu ba. Ya ce, "Oga, ni ban gani ruwa a nan." Na ce akwai shi ƙarƙashin fenti. Ya yi dariya.

Na bi shi layin baya. Kowace katanga da ɗamarar laka har ƙugu. Ƙazantar da nake musu gori a kai ce ta zama shaida.

Juma'a, 3 ga Maris

An ba su.

Asabar, 4 ga Maris

Maiturare ya tare ni a bakin masallaci, sai ƙamshi yake. "Ranka ya daɗe, baɗi naku ne in sha Allahu." Na ce Allah ya sa alheri, muryata kamar ta mai mura. Mutumin da bai san bambancin kwalbati da rijiya ba, yau shi ake kira shugaba. Haushi nake ji, kuma a nan dai ba zan ɓoye ba: hassada ce tsagwaronta.

Safiyatu ta ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Litinin, 10 ga Afrilu

Gireda ta shiga layinsu. Na ce ba zan je kallo ba. Na je sayen reza sau uku, alhali akwai shago a layinmu.

Talata, 18 ga Afrilu

Sun haƙa lambatu, sun kafa katakon zuba kankare. Ido ba mudu ba, ya san kima. Tun daga nesa na ga abin bai kwanta ba. Bayan la'asar da leburori suka tashi na ɗauki tsohon tiyona na awo, na cika shi da ruwa, na gwada wuri uku. Gangaren ya juya baya. Maimakon ruwa ya gangara rafi, tsakiyar layi zai taru, daidai ƙofar Maiturare. Ɗan kwangilar daga kan tsohuwar hanya ya ɗauki awonsa, ita kuwa dama a karkace take.

Asabar za su zuba kankare. In ya bushe shi ke nan.

Allah ya yafe mini, murmushi na yi har gida.

Laraba, 19 ga Afrilu

Ba ruwana. Ba ni aka ɗauka aiki ba. Ruwan farko na Mayu zai yi musu bayanin da shafi tara bai yi ba.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Na gaya wa Safiyatu, ina jiran ta taya ni dariya. Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, "Malam, gidan Kubra fa ƙasa yake da na Maiturare." Kubra ce matar marigayi limaminmu, da jikoki huɗu a ɗaki biyu na ƙasa. Na ce na sani. Gaskiya ban tuna ba.

Tuwo bai shiga ba yau.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Bayan asuba na rubuta awon a takarda, layi shida, na kai wa George a wurin aiki. Ya sake gwadawa da na'urarsa, ya dafe kai, ya sa a cire katakon a sake kafa shi daidai. Ya tambayi sunan da zai sa a rahoto. Na ce kada ya sa kowa.

Da rana na ji ana cewa Maiturare ne ya gano kuskuren, wai mutum mai lura. Shi ma bai musa ba. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Ba don shi na yi ba. Ba zan iya kallon ana umartar ruwa ya hau tudu ba ne kawai.

George ya ce ko zan leƙo gobe wajen zuba kankare. Na ce ina da uzuri. Ƙarfe bakwai za su fara, kuma ban yarda da awon kwanar ƙarshe ba.